Amurka Ta Hanyar Maraɗi

A shekarar 2016 sharon ya shiga tumatirin Kadawa. Tsutsa ce 'yar mitsitsiya, amma kafin ka je Kano ka sayo magani ta mayar da gona kamar an cinna mata wuta. Har kamfanin tumatir na Ɗangote, da bai daɗe da buɗewa ba, ya tsayar da aiki don babu abin niƙawa. To, in mai kuɗin Afirka ya naɗe tabarma, ni wa? Na zauna bakin kanal, ruwan Tiga na wucewa ba ruwansa da bashin takin da ke kaina, na ce Amurka za ni.

Aka nuna mini wani yaro mai shago a Kura. A jikin allonsa an rubuta biza, fasfo, Umara, takardar zama ɗan ƙasa, can ƙasa kuma cajin waya.

"Kawu, ka zo a kan gaɓa," in ji shi. "Watan Oktoba ake buɗe ƙuri'ar bizar Amurka. Kai da iyalinka duka, ba wanda za a bari."

Muka yi ciniki a kan buhu biyu na shanshera, don shinkafar damina ta ɗan rufa asiri. Ya ce sai da hoton kowa, uwargida da duk yaron da bai kai shekara 21 ba. Na cika A Daidaita Sahu da zuri'ata. Aka rataya farin zane a bango, aka cire mini hula, sanƙon da na yi shekaru ina ɓoye wa surukaina ya shiga kwamfuta.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero shi ya ɓata mini lissafi. Ya ce tun 2013 aka cire Nijeriya daga ƙuri'ar, saboda 'yan ƙasar da suka ƙaura Amurka cikin shekara biyar sun haura 50,000. Fom ɗin ma a lokacin, ya ƙara da cewa, kyauta ake cikewa.

Na koma Kura da zafina, autana na biye da ni. Mai shagon ko gezau.

"Kawu, ai kun yi gaggawa ne. Wanda aka haifi matarsa a ƙasar da ke cikin ƙuri'ar, yana iya shiga da sunan ƙasarta. Nijar na ciki. Ina aka haifi Hajiya?"

"Bunkure."

"Ayya. To akwai wata bazawara 'yar Maraɗi, mai hankali. Kuɗin dalilin aure daban ne."

Abin haushi, ɗan yayata ya tabbatar mini daga baya cewa wannan dokar gaskiya ce. Na ɗan gyara zama, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sai mai shagon ya rage murya ya ce Amurka ba ta karɓar mai mata biyu, don haka a takarda dole a ɗan zare hoton Hajiya. Ya kuma tambaye ni, a karon farko, ko ina da takardar gama sakandare, wai sai da ita. Ni da na bar boko a aji huɗu na firamare!

Ashe autana bai bar ko kalma ɗaya a shagon ba. Kafin in ɗaure babur labari ya isa madafa. Daren nan tuwo ya zo ba miya.

"Malam, miyar tana Maraɗi," in ji uwargida, ta ja labule.

Da safe ta sa hijabi, ta ɗauki ƙannenta maza biyu, masu dakon kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, suka nufi Kura. Kafin azahar sai ga buhu ɗaya a bayan babur. Ɗayan, wai, ya tafi a kuɗin hoto. Na miƙa hannu zan taya saukewa, ta ce in bari, wannan nata ne, ladan aikin ejan.