Halin Maigida a Famfonsa Ake Gani

Mai gyaran famfo ya fi limamin unguwa sanin halin jama'a. Liman yana ganin mutum ne bayan ya yi wanka ya fesa turare. Mai gyara kuwa har banɗaki ake kai shi, ya durƙusa ya leƙa lungun da baƙo ba ya leƙawa, ya ga abin da aka shekara ana rufewa da bokiti. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a, kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa ya riga ya gane irin maigidan da Allah ya haɗa shi da shi.

Wanda ya fi kowa yawan 'yan'uwa a gari shi ne Malam Ɗaura-Roba. A wurinsa babu yoyon da ya gagari tsohon tif ɗin babur. Zai yanko shi siriri, ya ja da haƙori, ya naɗe wuyan famfon tamau, ya ɗora leda, ya ƙara wata robar a kai, sannan ya ja da baya ya dubi aikinsa ya ce, “Shi ke nan, ya mutu.” Bai mutu ba, hanya ya sake. Da yana ɗiga ta baki, yanzu ta gefe yake tsartuwa yana jiƙa bango. Abin da ya lalace kuwa wata 'yar roba ce a cikin kan famfon, wadda ake kira washa, kuɗinta bai kai na katin waya ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a kwana guda, wato kusan jarka ɗaya irin ta 'yan ga-ruwa. Amma wannan malamin ne za ka ji da sassafe a ƙofar gida yana musu da mai kura a kan kuɗin jarka, har jijiyar wuyansa ta fito. Idan uwargida ta ce, “Malam, kwanon ya cika,” sai ya ce a sa babba.

Kishiyarsa shi ne Injiniyan Gida, wanda ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya ga ai abin ba wuya. Ya mallaki sifana guda, kuma a ganinsa duk abin da ke yoyo rashin matsewa ne. Zai yi ta murɗawa yana cije leɓe har ya ji ƙas, mahaɗin roba ya tsage, ruwa ya feso masa a fuska. A lokacin ne zai tuna bai rufe babban makullin ruwa ba, kuma bai ma san inda yake ba. Yara su watsu neman tsumma, shi kuma ya toshe bakin bututun da babban yatsa yana ƙwala kira a kashe inji. Garin neman gira ya rasa ido. Da mai gyara ya iso, zai tarbe shi da cewa, “Wallahi haka kawai muka ga ya fashe.” Mai gyara ya dubi sawun haƙoran sifana a jikin ƙarfen, ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe, suna yi.”

Sai Alhaji Nawa-Za-Ka-Rage. Shi ba ya yarda a sayo masa kaya, da kansa yake shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ya zagaye shaguna yana neman wanda ya fi araha. A nuna masa bututu mai kauri da marar kauri, ya ɗaga su ya ce duk ruwa ne zai bi ta ciki. A ce a sayi gam gwangwani biyu, ya ce ɗaya ma albarka ce. Bututun roban nan fari ba ya son rana, idan aka bar shi a fili shekara da shekaru sai ya bushe ya riƙa karyewa, shi ya sa ake binne shi ko a shafe shi da fenti. Alhaji ya ce kuɗin haƙa ɓarna ne. Ranar da akuya ta taka ya fashe, laifin mai aiki ne. Inda abin ya daina ba da dariya shi ne wajen ƙafar tanki. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, tanki mai lita 2,000 kuwa tan 2 ke nan a sama da kan iyali, amma Alhaji yana can yana ciniki da mai walda ko za a iya rage kaurin ƙarfe.

Tunda an zo kan tanki, a gaida Sarkin Ambaliya. Maƙwabtansa ba sa bukatar kallon ƙwan fitila don su san an kawo wuta, ƙarar zubar ruwa daga saman tankinsa ta isa. Yana kunna injin rijiyar burtsatse ya tafi kallon ƙwallo. Akwai wata 'yar na'ura mai yawo a saman ruwa da ke kashe injin da kanta idan tanki ya cika, an sha gaya masa, kullum amsarsa ita ce ai yana lura. Lungun gidansa ya zama fadama, gansakuka ta yi kore shar, masu babur sun san inda za su ɗaga ƙafa. Da rani kuma, idan ruwan rijiyar ya ja ƙasa, haka zai bar injin yana juyi a bushe har ya ƙone, don ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya shi. Yana da ƙane a unguwannin da ake jiran ruwan gwamnati: wanda ke buɗe famfo ya ji iska, ya bar shi a buɗe ya je ya kwanta. Ruwan kuwa ba ya tashi zuwa sai tsakar dare.

Akwai gidan da ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce, sunanta Ba-Ni-Ba-Ne. Masai ya toshe, a tara mutanen gida a tsakar gida, kowa ya rantse. Mai gyara ya buɗe ramin dubawa ya zura ƙarfe, sai ga ƙunzugun jarirai, ga ledar ruwan sha, ga soson wanka, ga cokali, wani lokacin har da silifa ƙafa ɗaya. Bututun masai faɗinsa inci 4 ne kawai, kuma yana da kwana. A madafa ma haka: ana juye ragowar miya da man suya a wurin wanke-wanke da zafinsu, su gangara su huce, su daskare a jikin bututu, ƙwayar shinkafa da ganyen shayi su zo su manne. Hajiya za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Mu dai ruwa kawai muke zubawa.” A ƙarshe laifin ya faɗa kan yaron da bai iya magana ba tukuna, ko 'yar aikin da ta tafi ganin gida.

Mai Tayil kuma ɗan gayu ne. Da yana gini ya sa an binne komai, an lulluɓe da tayil mai ƙyalli, har murfin sokawe an shafe shi da siminti don kada ya ɓata tsakar gida. Ko hoto ɗaya bai ɗauka ba kafin a rufe, wanda ya yi aikin kuma ya koma Abuja. Yau bango ya jiƙe, fenti yana kumbura, sai a yi ta fasa tayil ana lalube, shi kuma yana tsaye yana salati da kowane bugun guduma. Irinsa ne ke haƙa sokawe dab da rijiya don fili ya yi kaɗan, alhali masana tsabtar ruwa suna cewa a ba da tazara mai yawa, wasu ma har mita 30. Idan amai da gudawa suka shigo gidan, sai a ce iskar damina ce.

Mai gidan haya da ɗan haya ba sa bukatar dogon bayani. Wannan ya ce lafiya lau ya ba da gidan, wancan ya ce haka ya tarar, famfon kuma yana ta zuba har kuɗin haya ya ƙare.

Wanda nake tausayawa shi ne Mai Zargi. Bututu ya yi ƙugi cikin dare ko ya buga gum a bango, sai ya tashi zaune ya fara tofe-tofe. Iska ce ta shiga bututun bayan tanki ya ƙafe, ko kuma an rufe famfo da sauri ruwan ya yi karo. Wari ya taso a banɗakin baƙi da aka daɗe ba a shiga ba, ya ce dama ya faɗa, ɗakin nan ba lafiya ba. Ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar bututu yana tare wari ne ya bushe, buta ɗaya za a zuba magana ta ƙare. Kafin a kai ga butar an ƙona turaren wuta na mako guda, an kuma daina gaisawa da wata maƙwabciya.

Kada mai gyaran ya ɗauka ya tsira. Shi ne mai “ga ni nan a hanya, Alhaji” alhali ana jin ƙarar guduma a bayansa. Ya zo bayan la'asar ba tare da zaren naɗi ba, ya aiki yaron gida ya sayo, ya kwance komai ya baje a ƙasa, sannan ya ce akwai abin da sai gobe. Kuma duk gidan da ya shiga, kafin ya taɓa komai sai ya riƙe haɓa, ya girgiza kai, ya ce, “Kai, Alhaji, wane ne ya yi maka wannan aikin? Wannan ai bai ji tsoron Allah ba.” Alhaji ya dube shi ya ce, “Kai ne, bara kafin azumi.” Ya sake sunkuyawa ya ƙura wa mahaɗin ido, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ce, “To, lallai kayan ne ba su da kyau. Wa ya sayo?”