Masu Ajiyar Hoto a Turawa

A Ingila akwai attajiran da ke farautar hotunan da su Francis Cotes da John Russell suka zana da alli mai launi tun ƙarni na 18. Kaya ne masu tsada, ga laulayi: kana goga yatsa, hancin baiwar Allah zai biyo ka. Su can abin da suke tambaya shi ne wa ya zana. Mu a Turawa ta ƙasar Karaye ba ruwanmu da mai ɗauka. Wa ke ciki, kuma me ya haɗa ka da shi?

A fara da ɗan a-mutun siyasa. A zaurensa Malam Aminu Kano na bangon gabas, Abubakar Rimi da ya ci gwamna a 1979 na bangon yamma, don tun rikicin santsi da taɓo ya raba musu bango, kuma har yau bai ga dalilin sulhu ba. Dukiyarsa ta gaske wani hoton taron PRP ne da ya koɗe, gara ta ci kusurwa ɗaya. Zai ɗora farce can ƙarshen jama'a ya ce, "Ka ga wannan hular? Ni ne." Hular kaɗai ta fito, ita ma rabi. Kada ka kuskura ka ce ba ka gani ba, sai la'asar ta same ka a wurin.

Hajiya kuwa nata yana cikin kabad, bayan jeren kwanuka. Ita ce zaune gefen marigayi mijinta, mai hoto ya shafa mata ja a leɓe da hannunsa. Ɓangaren hagu an bi shi da reza. In ka tambaya, ta ce ɓera ne. Ɓeran dai ya iya aiki, ya cinye kishiya tas, ya bar gefen gyalenta.

Akwai Alhaji da hoton Makka: labule mai zanen Ka'aba a baya, murmushi har kunne don haƙorin Makka ya fito. Akwai Ustaz, wanda hoto haramun ne a wajensa, ban da fasfo ɗinsa na samartaka da ke cikin aljihu.

Dillali ba ya ajiya, kwasa yake yi. Daga kasuwar Kurmi yake zuwa, wai akwai wani baƙo da ke nema ido rufe, sannan ya taya kuɗin da ba zai kai ka Rogo ba.

Mafi hatsari shi ne jika mai waya. Ya ɗauki hoton kakansa ya ba manhaja ta gyara. Tsoho ya fito fari sol, tsagar gado ta ɓace, hanci kamar biro. Yaro ya kai wa kakarsa yana jiran tukwici. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta sake dubawa.

"Kai ɗan nan, da haka kakanka yake, ai da ban yi yaji sau uku ba."