Spider-Man da Mai Gidan Haya

Akwai wata magana da nake karewa a duk majalisar da aka taso da zancen fina-finan jarumai, kuma ko an taru a kaina ba na janyewa: babban abokin gabar Peter Parker a fim ɗin Spider-Man 2, wanda Sam Raimi ya ba da umarni a 2004, shi ne Mista Ditkovich, mai gidan da yake haya. Na san Dokta Octopus aka tallata, mai hannayen ƙarfe huɗu a gadon baya, kuma Alfred Molina ya yi ƙoƙari. Amma Octopus sai jefi-jefi yake fitowa, kuma idan ya fito ana iya naushinsa. Ditkovich kuwa kullum yana nan a bakin ƙofa, kunnensa a kan matakala, bakinsa kalma ɗaya ya iya, wato kuɗin haya. Yaro yakan kalli wannan wurin yana ƙosawa a kai ga dambe. Ni da na kai shekarun da ƙarshen wata ke zuwa mini kafin albashi, a nan gabana yake faɗuwa.

Ga hujjata, a bi ta daki-daki. Fim ɗin ya buɗe da Peter, wanda Tobey Maguire ya fito a matsayinsa, yana aikin kai fiza gida-gida a birnin New York. Ya tsaya ceton yara biyu daga bakin mota, ya makara, aka ƙi biyan kuɗin fizar, maigidansa Aziz ya sallame shi. Ya garzaya jaridar Daily Bugle, edita Jameson ya sayi hotonsa dala 300, sai sakatariya ta tuna masa cewa kuɗin ba su ma kai bashin da ya ci a baya ba. A jami'a Dokta Connors ya gargaɗe shi cewa yana dab da faɗuwa. Gwaggonsa May, wadda banki ke shirin ƙwace wa gida, ta damƙa masa dala 20 na murnar zagayowar ranar haihuwarsa, ya iso masauki Ditkovich ya fizge ta daga hannunsa. Ya kai kayan jarumtarsa wanki, suka yi zuba, suka rine masa fararen kayan ciki. Duk wannan kafin Octopus ya taɓa ko gashin kansa. Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, yakan ci ya ƙoshi ba tare da ya ɗaga fartanya ba. Wannan gizon na Amurka aiki yake kamar jaki, amma ko a wajen liyafa ya miƙa hannu zai ɗauki abin taɓawa sai wani ya riga shi.

Za a ce mini ai wannan duk gishiri ne, naman yana wajen faɗan jirgin ƙasa, kuma don irin wannan aiki na kwamfuta fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2005. Ban musa ba, faɗan ya ƙayatar. Sai dai a tambaya, me ya fito da Octopus kan titi? Gwajinsa na samar da makamashi ya tarwatse, kamfanin Oscorp da ya zuba jari ya yi asara, malamin kimiyya ya wayi gari ba mai ba shi sisi, sai ya tafi fashi a banki. A bankin kuwa wa ya tarar? Peter da May suna zaune suna roƙon rance, an hana su, har na'urar gasa burodin da bankin ya yi alkawarin bayarwa kyauta an ce sai wanda ya ajiye dala 300. Jarumi da mugu sun haɗu a wuri ɗaya saboda ciwo ɗaya, bambancinsu shi ne ɗaya ya cika takarda, ɗayan ya ɓalle ƙofar taska. Alvin Sargent, wanda ya rubuta fim ɗin, an haife shi a 1927. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya ya san abin da ke hana mutum barci, kuma ba dodo ba ne.

Wasu kuma sukan ce shekaru ne suka sa ni ganin abin da babu, ina ɗora wa fim ɗin yara damuwar magidanta. To a koma asali. Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiri Spider-Man a 1962, kuma tun a mujallun farko yana fama da rashin kuɗi. Wurin da Peter ya jefa kayansa a kwandon shara ya yi tafiyarsa an ɗauko shi ne daga fitowa ta 50 ta The Amazing Spider-Man, ta 1967, wadda John Romita ya zana. Raimi ya ƙara masa yaji: mai kwasar shara ya tsinci kayan, ya kai wa Jameson, suka yi ciniki, aka sallama a dala 100. Mai kayan ya sha naushi a cikinsu shekara biyu bai ga riba ba, wanda ya tsince su a bola ya ci kasuwa rana ɗaya. Hatta sunan Ditkovich daga na Ditko aka samo shi, kun ga ba da wasa aka dasa mutumin a bakin ƙofa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da girma shi ne yanzu har tausayin Ditkovich nake ji. Bawan Allah yana da gida, yana da 'ya, yana da ɗan haya mai shigowa ta taga da tsakar dare wanda ba ya kawo komai sai alkawari. Da an kai ƙara gaban alƙali, ban ga ta inda Peter zai fita ba, don ceton birni ba ya cikin yarjejeniyar haya. A ƙarshen fim an ga bayan Octopus a cikin kogi, May ta kwashe kayanta ta bar gidan, Mary Jane, masoyiyar Peter, kuma ta tsere daga ɗaurin aurenta da John Jameson, ɗan sama-jannati mai albashi, ta rugo da rigar amarci zuwa ɗakin da ake bin Peter bashi. Masu ƙuruciya suna tafi suna cewa soyayya ta yi nasara. Ni lissafi nake yi: baki ya zama biyu, aiki babu, editan da ke sayen hotuna kuma shi ne uban angon da aka bari a tsaye. Allah ya ba Mista Ditkovich haƙuri.