Baƙin Umdurman Masu Ƙaramin Guzuri

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, Umdurman gari ne da mai ƙaramin guzuri zai sha kallo ya ƙoshi bai taɓa lalitarsa ba. Mahaɗar kogunan Nilu biyu a Mugran kyauta ce, zikirin Juma'a a Hamad al-Nil kyauta, ruwan randunan bakin titi ma kyauta. Sai garin ya tara baƙi iri-iri, kowa da tasa dabarar maƙon.

Na gaba a sahu shi ne Malam Lissafi. Duk fam ɗin Sudan da zai bar aljihunsa sai ya juya shi zuwa naira tukuna, ya yi salati. Masaukinsa lokanda, inda ake biyan kuɗin gado ba na ɗaki ba, kuma gadon igiyar da ke tsakar gida yake zaɓa don ya fi araha. Abincinsa bosh, wato gutsattsarin burodi da aka jiƙa da romon wake, cimar ɗalibai a ƙarshen wata. Idan zai tsallaka Khartum sai ya taka gada da ƙafa tsakar rana don kada ya biya mota, ya isa maƙogwaro a bushe, ya shanye zoɓon da ya ninka kuɗin motar.

Abokin tafiyarsa Na-Tafaddal ya fi shi wayo. Tun ranar da ya sauka ya gane cewa mutumin Sudan ba ya iya kai loma baki wani na wucewa bai ce "itfaddal" ba. Ya kuma gane karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi. Saboda haka lokacin ne yake fita "ganin gari", yana tafe a hankali ta ƙofar shaguna. Idan azumi ya kama, aka shimfiɗa tabarmi a titi ana tare masu wucewa su sha ruwa dole, to kakarsa ta yanke saƙa. Shi kaɗai ne matafiyin da ke komawa gida da ƙiba.

Akwai mai Larabcin littafi. Ya haddace Alfiyya a zaure, don haka idan ya shiga bas yakan tambayi kwandasta hanyar kasuwa da cikakken i'irabi, damma da fataha duk a wurinsu. Kwandasta yana ƙyasta yatsu yana jiran kuɗinsa, fasinjoji sun yi tsit suna jiran a shafa fatiha.

Bature kuwa, wanda yara ke bi suna kiran "khawaja", ta jirgin ruwan Aswan zuwa Wadi Halfa yake shigowa, da jaka a baya wadda ta fi shi tsawo, wai zai ratsa Afirka har Keftawun. Katin bankinsa ba ya ci a ƙasar, albarkacin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997, don haka dalolinsa na ɗaure a ƙugu. Zai tsaya yana taya shayin mai shayi ta gindin bishiya, alhali kyamarar da ke wuyansa za ta sayi raksha, wato adaidaita sahu, sabuwa. Da yammacin Juma'a za ka same shi a Hamad al-Nil, ya kutsa gaban da'irar 'yan Ƙadiriyya masu korayen riguna da jajaye, turare na tashi, ganguna na amo. Kafin magariba wani dattijo ya kama hannunsa ya jefa shi tsakiya, sai ga mai ɗaukar hoto ya zama abin ɗauka.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma ya fi cin lokaci, shi ne Masanin Tarihi. Wannan ba ya ɗaukar ɗan jagora, don a ganinsa asara ce ka biya wanda ka fi sani. Zai tsaya gaban ƙubbar Mahdi ya sanar da duk mai kunne cewa Mahdi ya rasu a 1885, watanni kaɗan bayan faɗuwar Khartum, Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, ya rushe ƙubbar bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba, 1898, wadda ake gani yanzu kuma ginin 1947 ce. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan, ba ka da ta cewa. Idan aka shiga Gidan Khalifa Abdullahi, magajin Mahdi, ana duba takubba da riguna masu faci na Ansar, mabiyan Mahdi, sai ya karkato da zance gida: yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello ya jawo jama'a gabas har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga nan sai ya gano cewa kakansa na cikin tawagar. Mai gadi yana kaɗa makullai, shi bai kai rabin salsalar ba.

Hajiya Tsaraba ba ta zo kallon ƙubba ba. Daga masauki sai kasuwar Umdurman, layin masu turare: humra, dilka, turaren wuta, lalle, laffaya kala-kala. Takan yi maƙon abinci kwana da kwanaki, sannan ta biya kuɗin awon kaya a filin jirgi ko gezau. Ka tambaye ta ko ta ga Nilu, ta ce ai ta hango shi ta tagar mota.

Sai Baba Alhaji, wanda bai je hajjin ba tukuna. Ya baro Kano yana saurayi ta Maiduguri da Abeshe da Junaina, guzuri ya ƙare a Umdurman, ya tsaya neman na jirgin ruwan Jidda. Ya yi noman auduga a Jazira, ya dawo ya kafa tukubar agashe, ya aurar da 'ya'ya, jikokinsa Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Bai taɓa leƙa gidan tarihi ba, ƙubbar ma hanya ce kawai ta zuwa mahauta. Na taɓa ce wa wani irinsa, "Baba, ai kun zama 'yan gari." Ya ɗago daga juya nama ya harare ni.

"Wane gari, yaro? Ni wucewa nake yi. Na nawa za a yanka maka?"