Ranar da Wutsiya Ta Yi Rawa

Jirgin Piper Super Cub ne, kujera ɗaya gaba ɗaya baya, tayarsa ta uku kuma 'yar mitsitsiya ce can ƙarƙashin wutsiya. Ni a gaba, malamina a baya, a wani ƙaramin filin jirgi a jihar Niyok. Kawuna mai tuƙa tasi a Bronx ya yi tattaki musamman don ya ga ɗan ƙanwarsa a sama.

Tayoyin gaba suka sauka lami lafiya. Ta baya na taɓa kwalta sai jirgin ya ɗauki kyarma kamar injin markaɗe. Fedal na dukan tafin ƙafata, haƙorana na haɗuwa. Malam na ihu in ɗan tura sandar tuƙi gaba, nauyi ya ragu a kan tayar. Ina! Na rungume sandar, yatsana a kan maɓallin rediyo, na danne shi tam. Duk matuƙin da ke yankin ya ji salatina, ya ji "Wayyo Inna!", ya ji ina yafe bashin da nake bin mutane. Wani daga sama ya ce, cikin natsuwa, mai magana ya maimaita.

Na maimaita.

Ashe akwai lasifika a bakin rumfar jiragen, kuma duk jihar nan mutum ɗaya ne ya fahimci jawabin.

Makanike ya ɗaga wutsiyar ya duba: iskar taya ta yi ƙasa, notin da ke riƙe da ita ya saki, sifirin ɗin kuma ya gaji ya kwanta, har ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa ya karkata. Ya ce gyaran ke nan: a sake sifirin, a ɗaure noti, a ba taya iska.

Kawu bai gamsu ba. Ya zagaya jirgin, hannu a baya, ya shuri tayar.

"Ɗana, rabu da Baturen nan. Baya ne ba nauyi. Buhun shinkafa biyu za ka aza, ta zauna daram."

Na ce, "Kawu, nauyin ne ke ƙara mata rawa."

"To a kai ta alayimen. Ina da mutum a Bronx." Ya matso kusa da kunnena. "Bashin da ka yafe fa, har da nawa a ciki ko?"