Ranar da na zaunar da dattawan Zariya

Tun jiya ban leƙa ƙofar gida ba. Uwargida ta tafi gidansu ba da haƙuri, ni kuma ina zaune ina kallon takalmi ƙafa ɗaya a kan tebur. Na surukina ne. Akwai shaidar haƙora huɗu a dunduniyarsa.

Wata biyu ke nan da na tsinci karen, ɗaure a gindin bedi cikin wani kango a hanyar Jiratawa, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa. Na wani Bature ne da ya tattara ya tafi bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya bar shi hannun maigadi, maigadi ya bar wa ƙaninsa, ƙanin ya bar wa Allah. A Turai akwai gidajen da ake tara irin waɗannan marayun har a sami mai ɗauka. Mu nan gidan marayun kare shi ne duk wanda zuciyarsa ta fi hankalinsa laushi. Na ba da jika biyar, na ɗauko shi a adaidaita, na raɗa masa suna Kan-Ƙwai.

In ka gan shi ba ka tambayi dalilin sunan ba. Fari ne sol, fatar hancinsa ja-ja, kansa dogo ba lanƙwasa tun daga tsakar ka har baki, idanu ƙanana kamar an tsaga su da reza. Irinsa ake kira bul-teriya. Wani mutumin Birmingham mai suna James Hinks ne ya fitar da irin wajajen 1860, kuma can ƙasashensu ana yawan rikita shi da fitbul, karen da Ingila ta haramta a 1991, alhali dokar ba ta shafi nawa ba. Har Janar Patton na Amurka yana da ɗaya lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk wannan na haddace don in kare mutuncinsa a unguwa. Aikin banza. Ba wanda ya zarge shi da zama fitbul a unguwarmu ta Zariya. Abin da ake cewa shi ne Mushe, wato ni malamin makaranta, ya ajiye alade.

Na yi masa rigakafin haukan kare, na cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, na dinga shafa masa man kaɗe a hanci don rana tana ƙona shi. Ya yi ƙiba, ya koyi kwanciya bisa ƙafata. Abu ɗaya ya gagara: kira. Na gwada Hausa, na gwada Faransanci, na aro Turancin Ingilishi wurin wani ɗan Katsina mai gyaran waya. Ko waiwaye. Na ce wahalar da ya sha ce, a hankali zai sake.

Sai na ga wani bidiyo, wata Baturiya tana cewa a ɗaura igiyar kare a ƙugu, wai yana sa ya ji ku ɗaya ne. Ita tana da bel. Ni mazagi gare ni.

Jiya Asabar ake ɗaurin auren ƙanwar matata, ɗiyar baffanta, surukina ne waliyyi. Na ɗauka ƙarfe tara ne. Ƙarfe bakwai da rabi na ce bari in zaga da kare in dawo in sa babbar riga. Ƴar shara ce a jikina, iya cinya. Muna shan kwana sai ga rumfa ta tare titi, tabarmi shimfiɗe, takalma jere, an raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya: "Fatiha!" Hannuwa duk sun tashi sama.

Can ƙarshen rumfa wata yarinya ta sauke tiren masa.

Kilo 25 ne Kan-Ƙwai, kuma duk a ƙirji suke. Ya ja, na bi, ba don ina so ba. Wani yaro ya hango mu ya kwarara ihu: "Alade! Alade ya shigo!" Ban taɓa sanin dattawa na da sauri haka ba. Rawuna suka karkace, wani alhaji ya haye benci da carbinsa, maroƙi ya yar da lasifika ya rungume turken rumfa. Na kafa ƙafa na turje. Sai na ji ɗas.

Mazagi ne.

Wando ya sauka a natse, ba gaggawa, kamar tuta da yamma, ya taru a idon sawuna. Kare ya yi gaba da igiya da rabin mazagi. Ni kuwa shekara 17 ina koyarwa, ina da wata murya da nake ajiyewa don aji mai yara tamanin. Ita ta fito da kanta:

"ZAUNA!"

Suka zauna.

Wallahi suka zauna. Liman ya zauna. Wakilin ango ya zauna. Alhajin kan benci ya sauko ya zauna. Surukina, wanda shekara tara ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in na hango shi a kasuwa nake sake layi, ya naɗe ƙafa ya zauna ya ɗago kai. Mutum kusan arba'in, duk a ƙasa, duk sun yi tsit, idanunsu daidai tsayin gajeren wandona ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo. A duk faɗin titin mu biyu kaɗai ke tsaye, ni da wanda na yi wa magana.

Na sake maimaita wannan daƙiƙar a kaina ya fi sau ɗari. Kowane zagaye sai in ga wani abu sabo. Dabino guda da ke gangarawa a tabarma. Lasifikar maroƙi tana ƙara ita kaɗai. Wani ɗalibina na bara a bayan taro, waya a sama.

Nan ne Baba mai goro ya karɓi ragamar al'amari. Tsohon yana da faifansa a bakin masallacin unguwa tun kafin a haife ni, kuma shi kaɗai bai motsa ba tun farko, don dama a zaune yake.

"Mushe, kak ka gudu! In ka gudu ya ga bayanka!"

Ina zan gudu, wando ya dabaibaye ni?

"Tofa mishi yawu a baki! Haka mahalba ka yi, har abada ba ya barin ka!"

Karen yana taku goma daga inda nake, kansa cikin tire.

"To kira shi da sunan uwatai!"

"Baba, ban san uwarsa ba."

"Ka gani? Nan matsalar take." Ya juya ga jama'a, ya ɗaga goro kamar mai ba da fatawa. "Wanga ba alade ba ne tsantsa. Barbarar yanyawa ne. Ku dubi wutsiya." Wasu suka duba kuwa. "Mushe, duƙa kamar za ka ɗauki dutse!"

Na duƙa don in jawo wandona.

"Yawwa! Haka nan! Kun ga ya ji magana. Tsaya a haka, kak ka tashi!"

Abin da ba zan yafe wa kaina ba, na tsaya. Duƙe, baya ga dangin ango.

Kan-Ƙwai ya gama da masa, ya bi layin takalma yana shinshinawa kamar mai ciniki, ya zaɓi ɗaya, ya ɗauko, ya zagaya sau uku yana bin wutsiyarsa, sannan ya je ya kwanta a gefen mai takalmin ya ɗora masa haɓa a gwiwa. Surukina bai zabura ba. Malami ne, ya san a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Ya dubi karen, ya dubi takalminsa, bai dube ni ba. Ya yi gyaran murya, ya ce da iska:

"A tambayi Malam, mu tashi, ko mu ci gaba da zama?"

Da la'asar na kai karen wurin likitan dabbobi, ta hanyar bayan gari. Na faɗa masa kare ba ya jin magana. Ya zagaya bayansa ya buga marfin tukunya da ƙarfe. Ni na yi tsalle, akuyar da ke layi ta tsinke, Kan-Ƙwai yana hamma. Likita ya ce farare a irinsu ana yawan haifarsu kurame, sai dai a koya musu da alamar hannu. Wata biyu ina wa'azi da harshe uku.

Ɗazu da safe Baba mai goro ya yi sallama, wai ya zo jaje. Ya ce ya kwana yana tunani, ko dai a yanke wa karen kunne ɗaya don magana ta sami hanya, ko a kai shi Tibiri wurin masu bori. Ta bayan ƙyaure na ce masa likita ya duba, kurma ne.

Ya yi shiru, ina jin yana tauna goro.

"To ai da sauƙi, Mushe. Kai da ke da alli. Rubuta mishi."