Masu Waya Mai Marfi a Kalmalo da Ire-irensu

Waya mai marfi ita ce salular da ake ninkewa gida biyu kamar littafin aljihu: gilashi a sama, maɓallai a ƙasa, da 'yar gaɓa a tsakiya mai riƙe da su. A bayan marfin akwai ƙaramin gilashi mai nuna lokaci da sunan mai kira, kusa da shi kuma wani ɗan ido da bai wuce ƙwayar wake ba. Wannan idon shi ne kyamara, shi ne kuma ya raba masu waya aji-aji a garuruwan kan iyaka irin su Kalmalo, ta ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato, daga wajen 2004 zuwa 2008.

Wayar hannu mai ɗaukar hoto ta fara shiga kasuwa a Japan da Koriya ta Kudu a 1999 da 2000. Nijeriya a lokacin ko salular kanta ba ta wadata ba, sai a watan Agusta na 2001 da Econet da MTN suka fara aiki, layi ɗaya wajen naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kaɗai mutum ya yi ya kashe. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, kuɗin layi ya faɗi warwas, riƙe waya ya daina zama abin labari. Sai hankali ya koma kan wace iri ce a hannun mutum. A daidai wannan gaɓa masu marfi suka iso: Samsung E700 ta 2003, Motorola V3 siririyar nan mai jikin ƙarfe ta ƙarshen 2004, da Nokia 6101 ta 2005. Kyamarar dukkansu ɗigo 640 a kwance ne da 480 a tsaye, wato ba ta cika kashi ɗaya cikin uku na megafiksel guda ba. Ma'ajiyar V3 kuwa megabayit biyar ce da ɗan ɗoriya, babu kuma ramin sa memori. Hanya uku suke bi su shigo Kalmalo: daga shagunan Sakkwato da Kano, daga Birnin Ƙonni a matsayin 'yan Kwatano, ko cikin jakar alhazai.

Mafi yawa a cikin masu ita, kuma mafi saurin ganewa, shi ne mai ƙwas. Sunan daga ƙarar marfin ya samo asali. Mai Nokia 3310 in zai amsa kira sai ya lalubi maɓalli, in zai kashe ma haka. Mai marfi kuwa babban yatsa zai sa ya ɓalle ta, in ya gama ya haɗe ta ƙwas, kowa a rumfar mai shayi ya san an kammala magana. Mai ƙwas ya gane wannan tun ranar farko, shi ya sa ba ya amsa waya a zaune. Zai bar ta ta yi ƙara sau uku don na nesa su juyo, ya miƙe, ya gyara hula, sannan ya buɗe. Ko da yake ƙaramin gilashin waje yana nuna lokaci ɓaro-ɓaro, in aka ce masa ƙarfe nawa sai ya ce, "Tsaya in diba," ya buɗe, ya ɗan yamutsa fuska kamar mai karanta wasiƙar gwamna, ya rufe, sannan ya faɗa. Gardama ma da marfin yake yanke ta. Abin da ba a cika sani ba game da shi shi ne wayar takan yi sati biyu ba a sa mata kati ba. Filashin yake yi, kuma ya ƙware har yana iya katsewa kafin ta gama ƙarar farko a wancan ɓangaren.

Mai ɗaukar komai ya fi shi wahalar da jama'a. A wurinsa duk abin da ya tsaya hoto ne, wanda ke tafiya ma a tsayar da shi: ragon layya, buhunan albasa a bakin fadama, tafkin Kalmalo da safe da kuma da yamma, sabon babur ɗin maƙwabci, ƙafar da kunama ta harba. Sakamakon duk ɗaya ne. Da rana tsaka fari fat, da almuru baƙi ƙirin. In ya jera mutum biyar a inuwar bedi, abin da ke fitowa farar hula biyar ne da haƙora, sai shi mai wayar ya tsaya yana tafsiri: wannan Kawu ne, wancan mai tsawon Malam Ƙarami ne. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana da hantsi, wanda ya rufe garuruwa irin su Maraɗi da Katsina da duhu, ya kuma dusashe hasken yankin Illela. Jama'a suna salati, wasu sun nufi masallaci, irin wannan mutum yana tsakiyar fili ya ɗaga waya sama. Abin da ya samu wani farin tabo ne kamar an ɗiga nono a baƙin ƙyalle, kuma ya shekara yana nuna shi. Babbar jarrabawarsa takan zo ranar da wayar ta ce ta cika, alhali ga ango ya fito. Nan zai tsaya yana zufa yana zaɓe tsakanin ragon bara da kakarsa. Ba kullum kakar ke tsira ba.

Dillalin dabbobi ne kaɗai ya saya da niyyar aiki, don haka ya cancanci a yi masa adalci. Kasuwar Illela ta Lahadi tana tara shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, kuma gani ya kori ji: in mai saye bai samu zuwa ba, a nuna masa hoto. Matsalar ita ce a lokacin aika hoto ta layi yana buƙatar wasu saituna da ba kowa ya iya ba, da sabis mai ƙarfi, da waya irin ta a hannun wanda za a aika wa. Saboda haka hoton kan babur yake tafiya. Dillali ya ɗauki bajimi a kara, ya hau kabu-kabu, ya sallama a ƙofar gidan mai saye, ya durƙusa ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Alhaji, ga shi, diba da kanka."

Alhaji ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya karkata ta wajen haske.

"Wanga sa na ko bunsuru?"

Daga nan su hau babur ɗin tare su koma kara.

Shi Alhajin ma aji ne mai zaman kansa. Saudiyya ta hana sayar da waya mai kyamara har zuwa ƙarshen 2004, da aka ɗage hanin kuwa ta shiga sahun tsaraba tare da dabino da zamzam da agogo. Alhaji bai nemi mai kyamara ba, ya dai ce a ba shi mai tsada. Ta zo tana magana da Larabci, shi kuma Larabcinsa na salla ne, bai haɗa da neman lamba ba. Ledar da ke kan gilashin ba a ɓare ta, ko ta yi baƙi ta nannaɗe a gefe. Wayar tana cikin hankici, hankicin yana cikin aljihun 'yar ciki, 'yar cikin tana ƙarƙashin babbar riga, kafin a kai gare ta mai kira ya gaji. Akwai jika ɗan firamare da aka naɗa sakatare ba albashi: "Kai ɗan nan, zo hiddo min lambar Sarkin Shanu." In aka buɗe ma'ajiyar hotunan Alhaji za a tarar da babban yatsansa sau bakwai, da rufin zaure, da wani hoto guda na gemunsa daga ƙasa wanda bai san da shi ba.

Ɗan kan iyaka yana da layi biyu da waya mai ramin layi ɗaya. Tsakanin Kalmalo da Ƙonni tafiya ce ta ɗan lokaci a babur, sabis ɗin ƙasashen biyu kuma bai san shingen kwastan ba, yakan tsallako yadda ya ga dama. Layin yana ƙarƙashin batir, don haka sauya shi sai an kashe waya an tuɓe ta. Wannan mutum yana yin haka sau goma a yini, a kan babur ma yana yi, layin da ya cire yana tsakanin leɓɓansa. Wayarsa 'yar Kwatano ce mai Faransanci, ya haddace ta da ƙirga: danna nan sau biyu, sauka uku, ga hotuna. Kuɗin kati yana lissafa shi da naira da sefa a lokaci guda. Layinsa na Nijeriya ya zama Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, shi dai Econet yake cewa. Da Celtel ta haɗe layukanta na Nijeriya da Nijar a ƙarshen 2007 yadda mutum zai tsallaka da layi ɗaya, an yi zaton zai huta. Bai daina ba, hannu ya riga ya saba.

Masu tura hoto bibbiyu ake ganinsu. Nokia 6101 da infared take turawa, wato sai an kwantar da wayoyi biyu ido da ido a kan tabarma, ba motsi, har abin ya wuce. Magidanta biyu masu iyali sukan sunkuya a kai suna riƙe numfashi, in ya yanke a tsakiya a ɗora laifin a kan wanda ya yi tari. V3 kuwa bulutut gare ta, ba ta da infared, don haka mai wannan da mai waccan ba sa iya musayar ko hoton kaza. An ɗauki lokaci kowanne yana zargin wayar ɗan'uwansa jabu ce.

A wajen zance wayar ta yi tasirin da turare bai yi ba. Saurayi mai ita yakan ajiye ta a buɗe a kan gwiwa, haskenta yana dukan haɓarsa. Burinsa hoton budurwa, ita kuma da ta ga ya ɗaga sai ta ja gyale ta rufe fuska, don iyaye mata sun yi gargaɗi tun a ɗaki, kuma gargaɗin yana kan hanya, tunda wayar hannu-hannu take yawo a majalisa. Galibin hotunan zance na wancan zamani hoton gyale ne da ɗan yatsa mai lalle. Akwai kuma mai aro, wanda ke karɓar ta abokinsa daga magariba zuwa isha. Ana gane shi da zarar ta yi ƙara: zai dubi sunan, ya ce ba ya son damuwa, ya tura ta aljihu tana ta kuka. Amaryar da aka sa wa ita a lefe ba ta kira da ita. Tana cikin kwalla tare da sarƙa, ranar suna ko biki ake fito da ita, a rataya a wuya da igiya.

Masu adawa kashi biyu ne. Na farko dattijo ne mai ganin hoton mai rai haramun ne, wanda ke juya baya in an ɗaga waya, kuma yana da malamai da hujjojinsa, kamar yadda masu halattawa ke da nasu. Shi ana girmama shi, a mayar da waya aljihu. Na biyu mai Nokia 1100 ne, wadda ake wa laƙabi da rakani-kashi saboda tocilan ɗinta. Hujjarsa ita ce batirinsa yana kwanaki, wayarsa ta faɗa rijiya an tsamo ta tana aiki, mai marfi kuwa kayan 'yan ƙarya ce. Duk gaskiya ne. Sai dai in majalisa ta watse saura su biyu, yakan gyara wuyan riga ya ce a hankali, "To ɗauke ni in gani."

Wanda ya fi kowa cin moriyar wayar bai mallake ta ba. Shi ne yaron shagon caji, mai ɗan janareto da allon katako cike da soket. Mai kyamara ba ta jure yini biyu in ana wasa da ita, wutar gwamnati kuma baƙuwa ce, don haka kowace mai marfi a unguwa sai ta kwana a hannunsa. Ya san wanda ya ɗauki hoton wa, da wanda ke shirin ƙara aure tun uwargida ba ta ji ba. Manya suna gaishe shi da fara'a fiye da yadda shekarunsa suka kai.

Kusan dukkan waɗannan, in tafiya ta yi tafiya, aji ɗaya suke komawa, na mai farin gilashi. A cikin gaɓar wayar akwai wani siririn zare mai faɗi da masu gyara ke kira fileks, shi ke kai saƙo daga maɓallai zuwa gilashi. Kowace buɗewa lanƙwasa shi take yi, ƙurar hunturu kuma tana shiga gaɓar tana ci. Mai ƙwas ne ke fara kamuwa, don shi ya fi kowa buɗewa. Da farko gilashin yakan ɗauke ya dawo, sai mai ita ya gano cewa in ya buɗe rabi tana nunawa, ya koma leƙa wayarsa kamar mai leƙen tukunya. Daga baya ta yi fari gaba ɗaya, ya riƙa danna lamba da ka, yana amsa kowane kira da "Wa ke magana?" ko da matarsa ce. Marfin ya saki, a ɗaure da robar ɗaurin kuɗi. Mai gyara a Illela ya ce sai an aiko da fileks daga Kano, a sa, ya yi wata biyu ya koma gidan jiya.

Wajen 2008 wayoyin Chaina masu layi biyu da ramin memori da lasifika mai tashin unguwa suka cika kasuwa, a shekarar ne kuma Tecno ta mayar da hankalinta kan Afirka. Ɗan kan iyaka ne ya fara sauya sheƙa, sauran suka bi. Masu marfin da suka mutu yara suka gada, suna kiran Legas da su a bakin tafki. Waɗanda ke da sauran rai aka jefa su ƙasan akwati, saboda a cikinsu akwai hoton wani tsoho ko wata tsohuwa da ba a taɓa ɗauka ba sai wannan karon, ba a kuma wanke shi a takarda ba. Hotunan suna nan a ciki har yau. Cajar Samsung mai faɗin bakin nan ce ta yi wuyar samu.